Darasi na 14: Furen Wardi, daga Toho zuwa Yaushi

A Ɗa'ifa, garin nan mai sanyi da ke kan duwatsu gabas da Makka, ana fita tsinkar furen wardi tun da asuba a watannin Maris da Afrilu. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama, an kwashi buhuna zuwa inda ake dafa furen a manyan tukwanen jan ƙarfe. Furen da ake so shi ne wanda ya buɗe a safiyar nan, ba na jiya ba, ba kuma wanda zai buɗe gobe ba. Haka ake yi a Kazanlak ta ƙasar Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya da Kashan ta Iran, sai dai su kakarsu daga Mayu ce zuwa Yuni. Amma wanda ya shiga kasuwar kayan ƙamshi a Iran ko Maroko ko Sin zai tarar da wani wardin dabam: busasshen toho, a dunƙule, wanda aka cire tun bai buɗe ba, ana auna wa masu shan shayi.

Mai tsinkar buɗaɗɗen fure da mai tsinkar toho, kowa ya san abin da yake nema. Abin da ke cikin ganyen fure ba ya zama wuri ɗaya. Kullum canzawa yake yi, tun daga ranar da toho ya ɓullo har ranar da furen ya yi yaushi ya zube. A wannan darasi za mu bi rukuni ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, wato sinadaran kariya, waɗanda masu tallan lemon kwalba da man shafawa ke yawan ambata da sunan antioksidan. Za mu ga mene ne aikinsu, a wane mataki na girman fure suka fi yawa, da kuma tambayoyin da ya kamata mutum ya yi kafin ya yarda da duk wanda ya ce masa kayansa na ɗauke da su.

Ɓarnar oksijin

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Da shi jiki ke ƙona abinci ya samu ƙarfi, kuma tsiro ma yana numfashi da shi. Sai dai oksijin ɗin nan shi ke cin ƙarfe ya yi tsatsa, shi ke sa man gyaɗan da ya daɗe a buɗe ya canza wari, shi ke sa goro ya yi duhu bayan an ɓare shi.

Jikin kowane mai rai ya ƙunshi ƙananan sassa da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. A cikinsu ake aikin ƙona abinci, kuma a yayin aikin wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ya rikiɗe ya zama abin da masana ke kira radikal. Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar sinadari tana da ƙananan ƙwayoyin lantarki, wato elektiron, kuma yawanci bibbiyu suke zama. Radikal ita ce ƙwayar da elektiron ɗinta guda ba shi da abokin zama, don haka sai ta fizgi na maƙwabciyarta. Wadda aka fizge wa ita ma ta zama radikal, ta fizgi na gaba, abin ya yi ta tafiya. Idan wannan ya faru a kitsen da aka gina fatar ƙwayar halitta da shi, fatar takan huje, abin da ke ciki ya tsiyaye. Zafin rana mai tsanani, ƙishirwa, da cuta duk suna ƙara yawan radikal a jikin tsiro.

Sinadarin kariya shi ne wanda zai miƙa wa radikal elektiron ɗin da take nema, ba tare da shi kansa ya zama mai ɓarna ba. A nan fizge-fizgen ke tsayawa. Iri biyu ne. Na farko enzayim ne, wato furotin da jiki ke ƙerawa don gaggauta wani aiki. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke a Amurka suka gano aikin ɗaya daga cikinsu, wanda ake taƙaita sunansa da SOD. Shi ke kama radikal ɗin oksijin ya mayar da ita haidurojin feroksayid, sannan wani enzayim mai suna katalas ya farfasa wannan ya koma ruwa da oksijin. Da yawanku kun taɓa ganin katalas yana aiki: idan aka zuba ruwan haidurojin na kemis a kan ciwo ya yi kumfa, kumfar nan oksijin ne da katalas ɗin jini ya saki. Iri na biyu ƙananan sinadarai ne irin su bitamin C da bitamin E da kuma babban dangin da ake kira fenol. A ganyen furen wardi, dangin fenol su ne masu rinjaye, kuma a kansu darasinmu zai fi tsayawa.

Abin da ke cikin ganyen fure

Wanda ya tauna ɗanyen ganyen furen wardi zai ji bauri, irin wanda ke ɗaure baki. Wannan aikin tanin ne. Majemanmu sun daɗe da sanin tanin ko da ba su kira shi da wannan suna ba, domin shi ne abin da ke cikin bagaruwa yake jeme fata. Tare da tanin akwai galik asid da katekin, wanda shi ma ake samu a ganyen shayi. Sai kuma rukunin filabonol, manyansu su ne kwasetin da kamferol. Waɗannan kusan ba su da launi a idonmu, amma suna shanye hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani, kafin ya kai ga sassan fure masu taushi.

Launin ja da ruwan hoda kuwa na antosayanin ne, wanda ke narke a cikin jakar ruwan da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta ta saman ganyen. A cikin ire-iren antosayanin, sayanidin ke ba da ja mai duhu da ruwan hoda, felargonidin kuma ja mai karkata zuwa ruwan lemo. Wardi mai launin rawaya nasa launin daga dangin karotin yake, irin na karas da manja. Bajamushe Richard Willstätter, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1915 kan binciken launukan tsirrai, ya ware wani sinadari a 1913 daga wani shuɗin fure da ke fitowa a gonakin alkama na Turai, bayan shekara biyu kuma ya tarar da shi a jan wardi. Sinadari ɗaya, nan shuɗi, can ja. Launin antosayanin ya dogara ne ga abin da ke kewaye da shi, musamman tsamin ruwan da yake ciki da ƙarafan da ya haɗu da su. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi idan mun zo kan tsufan fure.

Af, shuɗin wardi na gaskiya babu shi a halitta, domin itacen ba ya iya ƙera delfinidin, antosayanin ɗin da ke ba yawancin furanni shuɗi. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostireliya sun dasa masa ƙwayar gado daga wani fure, suka sanar a 2004, aka fara sayar da shi a 2009 da sunan Applause. Duk da kuɗin da aka kashe, abin da ya fito ya fi kusa da shunayya mai haske.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton furen da ya fi ja shi ya fi kariya. A 2006 wasu masu bincike a Isra'ila sun dafa shayi da busassun ganyen furen wardi iri 12, suka auna ƙarfin kowanne wajen kama radikal. Wasu sun zarce koren shayi, wasu ba su kai shi ba. Ƙarfin ya bi yawan fenol gaba ɗaya, musamman galik asid, bai bi yawan antosayanin ba. Ido yana ganin launi, amma yawancin sinadaran da ke wannan aiki ba sa ganuwa.

Daga toho zuwa yaushi

Masu bincike sukan raba rayuwar fure gida huɗu ko biyar don sauƙin gwaji. Mu ɗauki huɗu: toho a rufe, rabin buɗewa, cikakkiyar buɗewa, da yaushi.

Toho shi ne furen da ke dunƙule cikin koren ganyen da ya lulluɓe shi. A wannan lokaci ƙwayoyin halittar ganyen fure ƙanana ne, a matse, suna ta rabuwa suna ƙaruwa, ruwan cikinsu kaɗan ne, kuma suna tara sitaci. A tsakiyar tohon akwai abin da itacen ya fi ji da shi, wato garin barbara da mahaifar iri, waɗanda in suka lalace babu 'ya'ya a wannan shekara. Ga ƙwari masu tsotsa, ga tsutsa, ga funfuna, ga rana. Tohon ba ya iya gudu, don haka sai ya cika kansa da tanin da katekin da filabonol. Baurinsu na korar mai ci, suna rage wa funfuna ƙarfi, suna kuma tare radikal. Masu bincike a Jami'ar Ljubljana ta ƙasar Sulobeniya sun bi wardin lambu a waɗannan matakai huɗu, suka wallafa sakamakonsu a 2009 da 2010. Abin da suka samu shi ne toho ya fi buɗaɗɗen fure yawan kwasetin da katekin da asid na dangin fenol a kowane giram, kuma adadin yana raguwa yayin da furen ke buɗewa.

Buɗewar fure aikin ruwa ne. Idan lokaci ya yi, rabuwar ƙwayoyin halitta takan tsaya, sitacin da aka tara ya narke ya koma sukari, reshe kuma ya ƙara turo wani sukarin. Sukari yana jan ruwa. Ruwa ya kwararo, kowace ƙwaya ta kumbura, bangonta ya saki, ganyen ya miƙe ya lanƙwasa waje. Cikin 'yan kwanaki ganyen ya ninka girmansa da nauyinsa. A daidai wannan lokaci ne aikin fure ke juyawa: da ɓoye abin da ke ciki yake yi, yanzu kuma kira yake yi, yana neman ƙudan zuma da sauran ƙwari su zo su kwashi garin barbara. Launi da ƙamshi su ne kayan kiran.

Shi ya sa antosayanin ba ya bin hanyar sauran 'yan uwansa sau da ƙafa. Ƙaramin toho ganyen cikinsa fari-fari ne ko kore-kore, sai ya kusa buɗewa launi ke shigarsa. A wasu irin wardi launin yana kai ƙololuwa tun toho na dab da buɗewa, daga nan ya fara kodewa. A wasu kuma yana ci gaba da ƙaruwa har furen ya buɗe sarai, musamman inda haske ya wadata kuma dare na da sanyi. Wardin Dimashƙa, wanda ake noma a Ɗa'ifa da Isparta da Kazanlak, tohonsa ya fi buɗaɗɗensa duhun ruwan hoda, kuma kowa na iya ganin wannan da idonsa. Saboda haka duk wanda ya ce muku "wardi ya fi ƙarfi a mataki kaza", ku tambaye shi wane irin wardi, kuma wane sinadari.

Mataki na ƙarshe shi ne yaushi. Ganyen fure abu ne mai tsada ga itace, yana shan ruwa da sukari, ba ya kuma ƙera abinci kamar koren ganye. Da zarar an yi barbara, ko lokacinta ya wuce, itacen ba ya ci gaba da ciyar da shi. Yakan fara janye abin da zai iya janyewa, ana farfasa furotin, sukari ya ragu. Enzayim ɗin kariya irin su katalas sukan yi rauni, haidurojin feroksayid ya taru, radikal su samu fili su ci kitsen fatar ƙwayoyin halitta. Fata ta huje, ruwa ya fita, ganye ya yi laushi. Da jakar ruwan ta fashe, fenol ɗin da ke cikinta ya haɗu da oksijin da wani enzayim da a da ke ware a wani sashe dabam, sai gefen ganyen ya koma ruwan ƙasa. Irin wannan haɗuwa ce ke sa goro da doya duhu in an yanka su, kuma ita ce dalilin da ya sa furen da aka danne a buhu ko aka murje da hannu yake yin tabo tun bai tsufa ba.

Akwai wata alamar tsufa da masu sayar da furanni suka sani sarai. Jan wardi idan ya kwana biyu a tulun ruwa yakan koma shunayya-shunayya. Farfasa furotin yana sakin amoniya, ita kuma tana rage tsamin ruwan da antosayanin ke ciki, launi ya karkata zuwa shuɗi. Iskar etilin, wadda ayaba da mangwaro ke fitarwa idan suna nuna, tana gaggauta tsufan irin wardi da dama. Kada a ajiye fure kusa da kwandon kayan marmari.

Lissafin da ke ruɗar mutane

A nan sai mun natsu, domin wannan wuri ne da har masu ilimi kan zame. Mun ce toho ya fi yawan fenol "a kowane giram". Wannan bai nuna cewa toho guda ya fi buɗaɗɗen fure guda ba. Uwargida ta san cewa idan ta ƙara ruwa a tukunyar miya gishiri zai ragu a baki, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga tukunyar ba. Wani ɓangare na raguwar da ake gani idan fure ya buɗe irin wannan ne: ruwa ne ya shigo ya tsinka abin da ke ciki.

Ga lissafi, da lambobin da muka ƙirƙira don koyo kawai. A ce ganyen toho guda nauyinsa giram 1 ne, yana ɗauke da miligiram 20 na fenol. A ce bayan ya buɗe nauyinsa ya kai giram 4, fenol ɗinsa kuma miligiram 40. A kowane giram, toho yana da 20, buɗaɗɗen fure yana da 10, wato toho ya ninka shi. A kowane fure kuwa, toho yana da 20, buɗaɗɗe yana da 40, wato buɗaɗɗe ya ninka toho. Duk maganganun biyu gaskiya ne. Mai sayen busasshen toho da kilo ya damu da lissafin farko, manomin da ke tunanin abin da kadada guda za ta ba shi ya damu da na biyu.

Don kauce wa ruɗin ruwa ne masu bincike na ƙwarai ke busar da ganyen kafin su auna, su kuma faɗi a fili ko lambarsu ta ɗanyen nauyi ce ko ta busasshe. Lambar da ba a faɗi wannan a kanta ba, ba ta da amfani wajen kwatanta abu biyu.

Ƙamshi dabam, kariya dabam

Me ya sa masu turare ba sa tsinkar toho? Domin ƙamshi yana cika ne idan fure ya buɗe. Sinadaran ƙamshin wardi, irin su sitronelol da jeraniyol da fenil-etanol, masu tashi ne cikin iska, kuma da rana ta yi zafi sai su gudu. Ga shi man kaɗan ne ƙwarai: ana buƙatar furen da ya kai tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo 1 na man wardi. Wanda ya makara ya yi asara.

Ana zuba furen a tukunya da ruwa, a hura wuta, tururi ya kwashi ƙamshin ya bi ta bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa, mai ya taso sama a yaɗe. Ruwan da ya rage shi ne ruwan wardi, wanda alhazai ke sayowa tsaraba, wanda kuma ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke ɗakin Ka'aba. Sana'ar tsohuwa ce, tun a ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tatsar ƙamshi.

To, abin lura shi ne tanin da kwasetin da antosayanin ba sa tashi da tururi. A tukunya suke zama, cikin dusar furen da ruwan dahuwa, waɗanda masana'antu suka daɗe suna zubarwa, sai daga baya masu bincike a Bulgeriya da Jamus suka nuna dusar na ɗauke da filabonol mai yawa. Ke nan ruwan wardi na asali ba shi da launi, fari ne tas. Idan kuka ga kwalbar ruwan wardi mai launin ruwan hoda, an zuba mata launi ne. Idan kuma aka ce muku ruwan wardi cike yake da antioksidan ɗin ganyen fure, mai maganar ko dai bai san yadda ake yin sa ba, ko yana so ya sayar ne. Wanda ke son fenol ɗin sai ya nemi ganyen kansa: shayin toho, ko irin haɗin ganyen fure da sukari da mutanen Indiya da Fakistan ke kira gulkand.

Yadda ake aunawa, da iyakar awon

Gwajin da aka fi yi a ɗakin bincike shi ne na DPPH, wanda Marsden Blois ya bayyana a 1958. DPPH wata radikal ce da ba ta saurin lalacewa, launinta shunayya mai duhu. Ana jiƙa ganyen fure a tace, a ɗiga ruwan a cikinta. Idan akwai sinadaran kariya sai su miƙa mata abin da take nema, launin ya kode ya koma rawaya-rawaya, na'ura kuma ta auna yawan kodewar. Gwaji ne mai arha da sauri, shi ya sa ɗalibai a jami'o'i ke son sa.

Amma kwalbar gwaji ba jikin mutum ba ce. Abin da aka sha sai ya bi ta ciki da hanji da hanta. Yawancin fenol kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini, wanda ya shiga ma hanta ta canza masa kama, ƙoda ta fitar da shi cikin sa'o'i. A 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa ɓarnar radikal ce ke jawo tsufa, kuma daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa duk yawan antioksidan da aka sha, alheri ne. Gwaji bai goyi bayan wannan ba. A ƙasar Finlan an gwada ƙwayar beta-karotin a kan maza masu shan taba su fiye da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cutar dajin huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai dakatar da shi aka yi a 1996 kafin lokacinsa, saboda an ga irin wannan illa. A 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, domin 'yan kasuwa sun mayar da shi abin talla, alhali babu hujjar cewa lambobin na nuna abin da ke faruwa a jiki.

Wannan bai hana shan shayin wardi ba. Abin sha ne mai daɗi, ba shi da sinadarin kafeyin, kuma cin kayan lambu da 'ya'yan itace iri-iri abu ne da likitoci suka yarda da amfaninsa. Sai dai shayi ba magani ba ne, kuma mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi. Gargaɗi na biyu ya fi wannan gaggawa: wardin ado da ake sayarwa don biki da kyauta, wanda ake nomawa da yawa a Kenya da Habasha, ana yi masa feshin maganin ƙwari da na funfuna, domin ba don ci aka noma shi ba. Kada a dafa shi, kada a sa a abinci.

Aikin aji

Gwaji na farko na launi ne, kuma zoɓo ya wadatar, tunda shi ma jansa na antosayanin ne. A jiƙa zoɓo ko ganyen jan wardi a ruwan zafi, a tace, a raba a kofunan gilashi uku. A bar na farko yadda yake, a matsa lemon tsami a na biyu, a ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan a na uku. Ku rubuta launin kowanne, sannan ku faɗi wane kofi ne ya yi kama da abin da ke faruwa a cikin jan wardin da ya tsufa.

Gwaji na biyu yana buƙatar shiri na mako guda. A nemi itacen wardi ɗaya, fari ko mai launi mara duhu, a wajen masu lambun furanni. A tsinki toho, da buɗaɗɗen fure, da wanda ya fara yaushi, a cire ganyen furen kowanne a shanya a inuwa dabam-dabam har su bushe ƙayau, a daka. A ɗebi ƙaramin cokali ɗaya na kowane gari, a zuba masa ruwan zafi daidai wa daida, a bar su minti 10, a tace. Sai a wanke jan rufin ƙwaya ɗaya ta maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, irin wadda ake ba mata masu juna biyu, a daka ta a narkar a rabin kofin ruwa, a ɗiga ɗigo 10 a kowane kofi. Tanin da galik asid idan suka haɗu da ƙarfe sukan yi baƙi-baƙi, kuma yawan duhun yana bin yawansu. Ana sa ran kofin toho ya fi duhu. Idan naku bai fito haka ba, ku rubuta abin da kuka gani, ba abin da littafi ya ce ba.

Ku amsa waɗannan a littafinku. Me ya sa aka ce a busar da ganyen kafin a auna cokali? Me ya sa aka nace sai itace ɗaya? Idan ganyen toho mai nauyin giram 2 yana da miligiram 30 na fenol, buɗaɗɗen fure mai giram 6 kuma yana da miligiram 60, wanne ya fi a kowane giram, wanne ya fi a kowane fure? Wani mai talla ya ce ruwan wardinsa mai launin ruwan hoda yana maganin tsufa, waɗanne tambayoyi biyu za ku yi masa?

Kada kowa ya ɗanɗana ruwan gwaji na biyu, a zubar da shi da an gama, a kuma ɗauke sauran ƙwayoyin maganin daga inda hannun yara zai kai, domin yawansu guba ne ga ƙaramin yaro. Kowace ƙungiya ta zo da takardar sakamakonta a zama na gaba.